Noman Naman Kaza a Gida: Daga Ƙurar Iri Zuwa Tukunya, a Yanayin Kaduna

Naman kaza ba tsiro ba ne irin alayyahu ko tumatir, shi ya sa wanda ya tunkare shi da dabarun lambu yakan sha kaye. Ba shi da ganye, ba ya rayuwa da hasken rana, ba ya neman takin zamani. Abincinsa busasshen kara ne da garin katako. Ainihin jikinsa kuwa wasu fararen zarurruka ne masu laushi da ke ratsa cikin abin da yake ci, waɗanda masana ke kira maisiliyam, mu kuma za mu riƙa ce musu farar saƙa. Abin da muke tsinka mu dafa ɗan da saƙar take haifarwa ne idan ta ƙoshi, ta ji sanyi da danshi. A ƙarƙashin hular ɗan akwai siraran layuka, daga nan ƙurar iri take zubowa, miliyoyin ƙwayoyi da ido ba ya iya ware guda ɗaya.

Matsalar ita ce, duk abin da naman kaza yake so fumfuna ma tana so, kuma ta fi shi sauri nesa ba kusa ba. Iskar ɗakinka cike take da irin fumfuna da bakteriya; ka bar dafaffiyar dawa a buɗe kwana biyu ka gani. Saboda haka aikin kashi biyu ne. A kashin farko kana tsare farar saƙa daga abokan gaba har ta yi ƙarfin kare kanta, wannan aikin tsafta ne zalla. A kashi na biyu kana ba ta danshi da iska don ta haihu. A Kaduna, inda hunturu ke busar da wanki kafin a gama shanya, wannan ma ba wasa ba ne.

Wanda za ka noma da wanda za ka bari

Ka fara da dangin Pleurotus, wanda masu sayarwa ke kira oyista. Shi ne mai faffaɗar hula da ke fitowa a dunƙule, ɗaya bisa ɗaya. Yana cin kusan duk wani busasshen sauran gona, yana da saurin mamaye abincinsa, kuma akwai nau'o'insa masu jure zafi: Pleurotus pulmonarius mai launin toka-toka, da fari da ake kira florida, da Pleurotus djamor mai ruwan hoda, wanda ya fi su son ɗumi. Ƙaramin farin nan mai zagayayyen kai da ake gani a gwangwani, Agaricus bisporus, yana son sanyin digiri 16 zuwa 18 kafin ya haihu, ga shi sai an haɗa masa taki na musamman. In ba ka da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta ɗaukewa, ka rabu da shi.

Kada ka ɗauki iri daga wanda ya fito da kansa a bayan gida ko a gona da damina. Gaskiya ne akwai mutanen ƙauye, musamman a kudancin jihar nan, da suka san na ci tun kaka da kakanni, kamar wanda ke fitowa a jikin suri. Amma shi wannan na suri tare da gara yake rayuwa, ba ya nomuwa a leda. Cikin sauran laimar kwaɗi kuma akwai masu dafin da dafuwa ba ta kashewa. Wasu daga dangin Amanita sai bayan awa 6 zuwa 24 da ci ciwo yake bayyana, lokacin dafin ya riga ya kama hanta. Zancen cewa in akuya ta ci to mutum ma zai iya ci, ko a gwada da cokalin azurfa, ba shi da tushe. Ka sayi oyista sabo daga manomi ko babban kanti, shi ne uban irinka.

Wata magana kafin mu shiga aiki. Idan girbi kawai kake so, hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi haɗaɗɗen iri a kwalba daga masu yin sa. Cibiyoyi irin su FIIRO, cibiyar binciken masana'antu ta gwamnatin tarayya da ke Oshodi a Legas, sun daɗe suna aiki a wannan fanni. Ka tsallake rabin wahala ke nan. Amma wanda ya iya tayar da iri daga ƙura ya daina jiran motar Legas, ya daina karɓar kwalbar da zafin hanya ya riga ya illata. Daga ƙura zuwa girbin farko ka ƙiyasta wata 2 da rabi zuwa 3. Ni shawarata a fara a watan Mayu, da ruwan farko ya kwantar da ƙura ya sassauta zafi. Ta haka haihuwar za ta faɗo cikin Agusta da Satumba, lokacin da iskar Kaduna da kanta take ɗauke da danshin da ake nema. Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 35, ba lokacin ɗan koyo ba ne.

Kayan aiki

Abu ɗaya da ba a yi masa rowa shi ne tukunyar firesha, wato tukunyar nan mai kulle tururi a ciki. Ruwa a tukunyar gida ba ya wuce digiri 100, akwai kuma bakteriyar da ke ɓuya a cikin hatsi ta tsira a wannan zafin. Tukunyar firesha mai kyau tana kaiwa digiri 121. Wasu na girki ba sa kaiwa can sosai, sai a ƙara musu lokaci.

Sauran: kwalaben Bama ko na jam da murafensu, auduga, takardar foyil, sifirit, reza sabuwa, guntuwar siririyar waya, fitilar sifirit ko ƙaramin gas, abin feshin ruwa, ma'aunin zafi, da leda mai jure tururi, ba 'yar shara-sharar nan ta cefane da ke narkewa ba. Garin aga (garin da ke daskarar da ruwa, a kansa ake tayar da saƙa) da farantan Petri (ƙananan farantai masu murfi da ake zuba shi a ciki) ana samunsu a shagunan da ke sayar wa ɗaliban kimiyya kayan gwaje-gwaje. In farantan sun yi tsada, ƙananan kwalabe masu faɗin baki sun wadatar. Ganga kuwa, ka je kasuwar Panteka a yanka maka, a yi mata teburin ƙarfe a ciki mai tsayin taƙi ɗaya. Ka tabbata ba ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko wani mugun sinadari ba.

Sai akwatin aiki. Babbar robar ajiya ce wadda ake ganin cikinta, ka huda ramuka biyu a gefe daidai shigar hannu, ka kife ta a kan tebur. Amfaninta shi ne iskar ciki ba ta motsi, ƙura ta kwanta. Duk aikin da ya shafi buɗe kwalba ko faranti a cikinta ake yi. Kafin ka fara, ka kashe fanka, ka rufe taga, ka goge tebur da cikin robar da ruwan Hypo, ka bar ɗakin ya natsu kamar minti 20. Ka wanke hannu har gwiwa, ka sa takunkumi, ka goge hannu da sifirit. Sifirit ya fi kisa idan an ɗan sirka shi: kashi 3 na sifirit mai ƙarfi, kashi 1 na ruwa. Wuta kuma a wajen akwati take zama, nesa da kwalbar sifirit, domin tururinsa yana kamawa farat ɗaya. Bayan sallar asuba, kafin a fara shara yara su tashi, shi ne lokacin da gida ya fi dacewa da wannan aiki.

Ɗaukar ƙurar iri

Ka zaɓi hula lafiyayya da ta buɗe sosai amma ba ta fara yaushi ba. Wadda ta kwana biyar a firijin kanti ba lalle ta ba da komai ba. Ka yanke ƙafar, ka goge foyil da sifirit ya bushe, ka kife hular a kai layukan suna kallon ƙasa, ka rufe da kofin gilashi ko kwano. Bayan awa 12 zuwa 24 ka ɗaga. Za ka ga hoton layukan ya fito da wata farar hoda, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi. Ka bar ta ta sha iska kaɗan a cikin akwatin, ka ninke foyil ɗin, ka sa a ambulan, ka rubuta kwanan wata. A busasshen wuri mai sanyi tana yin watanni.

Nan ne mutane da yawa ke yanke hanya, su barbaɗa hodar a kan jiƙaƙƙen garin katako su zauna jira. Ba ya yi. Ƙurar tana da jinkirin tsirowa, kuma ba ta taɓa zuwa ita kaɗai. Fumfunar da ta biyo ta za ta cinye wurin kafin ta motsa. Shi ya sa ake fara tayar da ita a kan aga, inda ido ke ganin kowa, a ɗauki na kirki a bar mugu.

Tayar da saƙa a kan aga

Ka yanka dankalin turawa giram 200, ka tafasa a ruwa lita 1 har ya yi laushi. Ka tace, ruwan kake so. Ka cika shi ya koma lita 1, ka zuba gulukos giram 20 da garin aga giram 20, ka motsa a wuta har ya narke. Rabin wannan haɗin ma zai ba ka faranti wajen 20. Kada a ce maka jelatin zai maye gurbin aga. Narkewa yake yi da zafin ɗaki.

In kwalabe kake amfani da su, ka zuba kaɗan a kowace, kaurin rabin santimita, ka rufe sako-sako, ka lulluɓe da foyil, ka dafa a tukunyar firesha minti 20 zuwa 30 daga lokacin da ta fara huci. In farantan roba ne da suka zo a tsaftace, a kwalba ɗaya za ka dafa haɗin, ya huce har hannu ya iya riƙewa, sannan ka zuzzuba a cikin akwati. Kada ka buɗe tukunya sai hucinta ya sauka da kansa. Ka bar agan ya daskare, ka kuma ba shi kwana 2 ka gani: wanda ya fitar da wani abu tun ba a shuka ba, ka ware shi.

Ka lanƙwasa bakin waya, ka ƙona har ta yi ja, ka taɓa gefen aga ta huce, ka ɗan shafi ƙurar, ka ja layi a karkace a kan agan. Kaɗan ake so. In har kana ganin hodar a bakin wayar ta yi yawa. Ka rufe, ka naɗe baki da salatif, ka ajiye a wuri mai duhu, zafi tsakanin digiri 24 da 28. Ka shuka faranti biyar ko shida, don ba duka za su tsira ba.

Cikin kwana 4 zuwa 10 za ka ga farin gashi-gashi ya fara. Abin da ke faruwa a nan yana da kyau a fahimce shi. Kowace ƙwayar ƙura rabin gado take ɗauke da shi. Zaren da ya tsiro daga ƙwaya ɗaya ba ya haihuwa sai ya haɗu da wani zaren da ya dace da shi sun zama ɗaya. Da yake ka zuba dubbai a wuri guda, haɗuwar tana faruwa da kanta, sai dai abin da ka samu ba iri ɗaya ba ne, 'yan uwa ne barkatai: wani mai sauri, wani malalaci, wani mai yawan haihuwa, wani sai saƙa ba ɗa. Aikinka shi ne zaɓe. Ka duba gefen da saƙar ta fi kauri da saurin tafiya, nesa da duk wani tabo. Ka ƙona reza, ta huce, ka yanko guntu daidai ƙwayar shinkafa daga bakin gaba, ka mayar a sabon faranti. Ka maimaita sau 2 ko 3, har ka sami farantin da saƙa ta bazu fara fat daga tsakiya zuwa gefe, ba wani launi. Duk abin da ya yi kore, baƙi, ruwan lemo, ko ya yi yauƙi yana ƙyalli, ba naka ba ne. Irin wannan faranti ba a buɗe shi a cikin ɗaki.

Irin hatsi

Farantin aga ba zai ciyar da buhu ba, sai an yawaita saƙar a kan hatsi. Mu a nan mun yi sa'a, dawa tana cikin mafi kyawun hatsin wannan aiki, ga ta a Kawo da kowace kasuwa. Gero ma yana yi, sai dai yana saurin caɓewa. Ka sayi ta ci, ba ta shuka da aka yi wa jan magani ba, domin maganin nan na kashe fumfuna ne, naman kaza kuwa danginta ne.

Ka wanke, ka kwashe wadda ta taso, ka jiƙa awa 12 zuwa 18. Ka tafasa minti 10 zuwa 15: ƙwayar ta yi laushin da farce zai raba ta, amma kada ta fashe. Ka tsane a kwando, ka baza har bayanta ya bushe. In ka damƙa ka saki, kada ta manne a hannu. Hatsi mai ruwa a jiki shi ne silar yawancin kwalaben da ke tsami. Ka barbaɗa garin alli giram 10 zuwa 20 a kowane kilo, yana hana dunƙulewa yana rage tsami.

Ka cika kwalba kashi biyu cikin uku. Ka huda murfi, ka cusa auduga ta toshe ramin sosai, don saƙa tana numfashi. Ka rufe da foyil, ka jera a tukunya a kan wani abu da zai ɗaga su daga gindi, ka dafa minti 90, ko awa 2 in tukunyar ba ta da ƙarfi. Wanda ba shi da tukunyar firesha yakan turara kwalaben awa 2 kullum, kwana 3 a jere. Yana yi wani lokaci, amma asarar ta fi yawa.

Sai sun huce sarai, washegari, za ka shuka. A cikin akwati, ka yanko guntayen aga biyu ko uku masu saƙa, ka jefa a kowace kwalba, ka rufe nan take. Idan fari ya kama kamar kashi ɗaya cikin uku, ka girgiza kwalbar ƙwayoyin su warwatsu. Za ta yi kamar ta mutu, bayan kwana 2 sai ta dawo ta ko'ina. Cikin mako 2 zuwa 3 za ta cika. Lafiyayyen iri ƙanshin naman kaza yake yi. Mai warin tsami ko ruwa-ruwa a gindi na bola ne. Daga kwalba ɗaya mai kyau kana iya shuka sababbi goma, yadda mai nono ke ɗiban na jiya ta zuba a madarar yau. Sai dai kada ka wuce zagaye 2 ko 3, ka koma kan aga, don irin yana raunana kuma datti yana taruwa.

Abincin haihuwa

Yanzu saƙa ta yi ƙarfi, ba sai an kashe komai da komai ba. Rage abokan gaba kawai za a yi, a ba ta rata.

Mafi sauƙi ga mai farawa shi ne karan shinkafa, ko karan masara da totuwarta, busassu marasa baƙin ruɓa. Bayan girbi ana samunsu kusan kyauta a fadamun bakin kogin Kaduna da ƙauyukan kewaye, sai a adana don damina. Ka daddatsa su guntu-guntu, santimita 3 zuwa 5. Ka cusa a buhu, ka nutsar a gangar ruwan zafi, ka danne da dutse. Zafin ya tsaya tsakanin digiri 65 da 80 na awa 1 zuwa 2. Ba a so ya tafasa. Akwai ƙananan halittu marasa cutarwa da ke tsira a wannan zafin, su ne ke tare wa koriyar fumfuna hanya. In ka tafasa ka kashe su, ka share mata fili. Ka rataye buhun ya tsane ya huce. Gwajin danshi a hannu yake: ka damƙi karan ka matse da ƙarfi, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. In ya zuba, da saura. In ba ko alama, ya bushe da yawa.

Ka goge tebur da hannu, ka farfasa irin hatsin, ka zuba a leda hawa-hawa: kara, iri, kara, iri, kana dannawa. Kilo 1 na busasshen kara yakan koma wajen kilo 3 in ya sha ruwa, ka ba shi iri giram 150 zuwa 300. Ɗan koyo ya yi hannu sake da iri, don yawansa ne ke sa saƙa ta riga fumfuna. Ka ɗaure baki, ka huhhuda ledar da allura mai tsafta, har da gindi don ruwa ya fita.

Garin katako ya fi daɗewa yana ba da girbi, amma ya fi aiki. Ka karɓo daga masu yankan katako, ka tabbatar na icce ne zalla, ba na filawud ko katakon da aka yi wa magani ba, kuma bai sha baƙin mai ba. Ka jiƙa, ka tara shi tsibi, kana juyawa duk bayan 'yan kwanaki har mako 2 zuwa 4. Sannan ka haɗa: kashi 85 garin katako, kashi 14 dusar shinkafa ko ta alkama, kashi 1 alli. Dusa tana ƙara yawan girbi, amma ita ce kuma ke kiran fumfuna, don haka wannan haɗin dole a turara shi. Ka ɗura a leda kilo ɗaya-ɗaya, ka sa guntun fayif a wuya, ka toshe da auduga, ka jera a kan teburin cikin ganga, ruwa a ƙasa, ka rufe. Awa 4 zuwa 6 daga lokacin da tururi ya fara fita sosai. Su kwana su huce, ka zuba iri cokali 2 ko 3 ta wuyan, ka mayar da auduga.

Ka jera ledojin a ɗaki mai duhu, ba a cunkushe ba. Saƙa tana fitar da zafi in tana ci, cikin leda ya fi ɗakin zafi da 'yan digiri. In ɗakin ya kai 30 to ciki ya wuce haka, daga 35 zuwa sama kuwa saƙar tana iya mutuwa. Ɗakin kwano mara silin ba wurinta ba ne. Kara yakan yi fari gaba ɗaya cikin mako 2 zuwa 3, garin katako mako 4 zuwa 5. A wannan zaman ba a ba su ruwa. Leƙawa kawai za ka riƙa yi, duk wadda ta yi kore ka fitar da ita a rufe, ka binne nesa.

Ɗakin haihuwa

Abu huɗu ke sa saƙa ta haihu: danshi, sabuwar iska, ɗan haske, da ɗan sauƙin zafi. Rumfar zana mai jinka a inuwar bishiya ta fi ɗakin siminti mai rufin kwano. Ka zuba yashi a ƙasa ka riƙa jiƙa shi, ka rataya buhunan algarara a bango kana watsa musu ruwa. Iskar da ta ratsa su tana shigowa da sanyi da danshi. Ka kewaye da ragar sauro saboda ƙananan ƙudaje da ke yin tsutsa a ciki. Ƙafafun kanta su zauna a gwangwanin ruwa saboda tururuwa. Ɓera ma yana son hatsin nan.

Ka tsaga ledar da reza wuri uku ko huɗu, tsawon ɗan yatsa. Kada ka tuɓe ta duka, a yanayinmu bushewa za ta yi. Ka riƙa fesa ruwa mai laushi a iska da bango da ƙasa, sau 2 ko 3 a rana da damina. Ana neman danshin iska kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari. Da hunturu, lokacin da danshin waje kan faɗi ƙasa da kashi 30, sai ka ninka feshin, ka ƙara labulen leda ta gefen da iska ke bugowa. Sanyin hunturu kansa oyista mai launin toka yana sonsa, bushewar ce abokiyar gaba. Ruwan rijiya ko na burtsatse ya yi. Na famfo mai warin kulorin a bar shi ya kwana a buɗe. Haske kuwa, wanda za ka iya karanta jarida da shi ya isa, rana kai tsaye ba ta taɓa su.

Cikin kwana 3 zuwa 7 ƙananan kawuna za su ɓullo a bakin tsagar, daga nan girmansu yakan ninka kusan kullum. Su da kansu suke faɗa maka abin da ke damunsu. Doguwar ƙafa da ƙaramar hula, iska ce ba ta isa ba, hayaƙin numfashinsu ya taru. Ka buɗe musu. Kawunan da suka yi ruwan ƙasa suka ƙeƙashe, danshi ya yi kaɗan. Waɗanda suka yi rawaya suka yi laushi da yauƙi, ruwa ya yi yawa ko kana fesa musu a jiki ba sa samun bushewa. Danshi da iska kullum suna jan igiya, kowane ɗaki da nasa daidaiton, sai ka lura da naka.

Kada wannan ya zama ɗakin kwana. Oyista yana zubar da ƙura mai yawan gaske, shaƙarta yau da gobe tana jawo tari da ciwon ƙirji. Ka sa takunkumi in za ka shiga, mai asma kuma ya bar wa wani wannan ɓangaren.

Girbi, da riƙe irin da ya fi

Kwana 3 zuwa 5 bayan ɓullowa ake cirewa, tun gefen hular yana ɗan lanƙwashe zuwa ƙasa. In ya miƙe ya fara juyawa sama, ya tsufa, ya fara zubar da ƙura, nauyinsa da daɗinsa sun ragu. Ka kama dunƙulen duka daga gindi, ka murɗa a hankali ya fita, ka share ragowar da ta maƙale don kada ta ruɓe. Ka ci gaba da ba ɗakin danshi, bayan mako 1 zuwa 2 wani zai fito. Leda takan haihu sau 3 ko 4, na farko ya fi yawa. In komai ya tafi daidai, kilo 1 na busasshen kara yana ba da rabin kilo zuwa kilo 1 na ɗanyen naman kaza.

Ba ya ajiyuwa. A firiji, cikin takarda ba leda ba, kwana 3 zuwa 5. A waje da zafi, yini ɗaya ya fara lalacewa. Wanda ke tunanin kai wa otal ko kanti, a nan Kaduna ko Abuja, ya sami mai saye tun kafin ya tsaga leda. Rarar a yayyaga a shanya a kan raga, da hunturu kwana 2 ya bushe ƙarau. Ba a cinsa ɗanye. A soya da albasa da attaruhu har ruwansa ya ƙone, ko a sa a miyar agushi ko farfesu. Ledar da ta gama haihuwa a farke a zuba a lambu, taki ne.

Daga girbin farko ka sa ido ka ga wace leda ce ta riga saura haihuwa, ta ba da dunƙule mai nauyi, ta jure zafin ɗakinka. Ka ɗauki ɗa ɗaya matashi daga cikinta, ka kai akwatin aiki, ka yage shi biyu da hannu, kada ka yanka, don reza tana jan dattin waje zuwa ciki. Da ƙonanniyar reza ka ciro ɗan tsoka daga tsakiya, inda hula ta haɗu da ƙafa, ka ɗora a kan sabon aga. Cikin kwana 3 zuwa 5 saƙa za ta tsiro daga jikinsa, kuma wannan karon ba 'yan uwa barkatai ba ne, shi ne dai wancan da ka zaɓa, da duk halinsa. In ta cika faranti, ka naɗe baki, ka sa a ƙasan firiji, ba cikin ƙanƙara ba, ka riƙa sabunta ta a sabon aga duk bayan wata 3 zuwa 6. Mai ruwan hoda ne kawai ba a sa wa a firiji, sanyi yana kashe shi. Shi a ɗaki ake riƙe shi, ana yawan sabuntawa.